Faɗakarwa a kan Gonakin da ke Tsakanin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da gulabe a cikinta, Ya sanya bayinSa suna gadonta tsara bayan tsara, kuma gare Shi za ta koma bayan ƙarewar masu gado. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa almajiri mai riƙe da alƙalami, da kai falke mai cin kasuwar Acida da ta Goronyo, wannan taƙaitaccen bayani ne a kan tambaya guda. Gonar da ke wannan ƙasa tamu ta Goronyo da Wurno da Rabah, tsakanin gulbin Rima da gulbin Sakkwato, ta wane ne, kuma a ina aka rubuta cewa tasa ce? Ka sani an yi wa wannan ƙasa littattafai uku a cikin shekara ɗari biyu. Na farko an rubuta shi da itatuwa da zukatan dattawa, na biyu littafin haraji ne, na uku littafin doka. Za mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu ga abin da ruwan madatsa ya yi da su, domin mu san abin da ya wajaba a kanmu.

Fasali na farko, a kan littafin da ba a rubuta da tawada ba

Kafin jihadi wannan kwari yana ƙarƙashin sarakunan Gobir, waɗanda birninsu Alkalawa yake can gaba a kwarin Rima. Alkalawa ta faɗi a shekarar 1808, aka gina Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. Wajen 1830 Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, domin tare harin Gobirawa da Azbinawa. A can ya zauna, a can ya rasu a 1837, wato 1253 ta Hijira, kuma kabarinsa yana nan. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama a zamanin sarautarsa. Wani ɗan nasa kuma, Abubakar Atiku, shi ne ake ce wa na Rabah, ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877.

To, ribaɗi ba ya tsayuwa sai da abinci, abinci kuwa sai da gona. Saboda haka Bello ya zaunar da mayaƙa da malamai da masu sana'a, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su yi gida su yi noma, aka kuma zuba bayi a ƙauyukan noma na manya. Kowa aka nuna masa daji ya share, ko aka yanka masa fadama.

Ba da ka aka yi wannan rabo ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa. Abin da malaman Malikiyya suka tafi a kai shi ne, wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa, kuma rayawa tana kasancewa da haƙa rijiya, ko janye ruwa daga inda ya kwanta, ko gini, ko dasa itace, ko sare daji da nomewa. Idan ƙasar tana kusa da gari sai da izinin shugaba, idan tana nesa ba sai da shi ba. Gari yana da haraminsa, inda ake kiwo da itace, ba mai ikon keɓe shi ga kansa. Shugaba yana da ikon yanka wa mutum yanki, yana kuma da ikon keɓe hurumi domin amfanin jama'a. Amma ƙasar da aka ci da yaƙi waƙafi ce ga Musulmi baki ɗaya, shugaba wakili ne a kanta, yana raba amfaninta, ba ya mallakar wuyanta. Ka riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu bukace ta nan gaba.

Waɗannan shugabanni ma'abota rubutu ne ƙwarai. Wasiƙunsu da littattafansu suna nan a gidan Waziri da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma duk da haka ba su yi kundin da ya jera gonaki gona-gona ba, irin awon da Sayyidina Umar ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu ya yi wa ƙasar noman Iraƙi domin sanya haraji. Dalili kuwa a fili yake. A wancan zamani daji ya fi mutane yawa, abin da ake nema hannun da zai riƙe hauya ne, kuma abin da aka fi karɓa daga manomin ƙasar Sakkwato zakka ce, ita kuwa dami ake ƙidayawa, ba faɗin gona ba.

Saboda haka littafin mallaka ya zauna a bisa ƙasar kanta. Layinsa shi ne jerin gamba da dashi da ke raba gona da gona. Ayoyinsa su ne tsamiya da kuka da gawo da tsohuwar rijiya. Masu karanta shi su ne mai gari da sarkin noma da maƙwabta huɗu. A fadama, inda ambaliya ke shafe kunya kowace shekara, idan ruwa ya janye dattawa sukan fito su ce daga giginyar nan zuwa bakin tafkin can na gidan wane ne, a yarda da su. Sun san wace gona ce ta gado, wace ce ta saye, wace ce aro, wace ce jingina, wace ce gandu, wace ce gayauna.

Wannan littafi ya yi aiki, amma kada ka ɗauka ba shi da aibi. Bawan da ya sare dajin da hannunsa ba a kiran gonar da sunansa, kuma ko bayan da dokar 1936 ta kawo ƙarshen bauta a Arewa, zuriyarsa da yawa sun ci gaba da noma ƙasar da ake cewa ta gidan ubangidansu ce. Mace mai rabo a gadon ubanta sau da yawa rabonta yakan narke a cikin gandun 'yan'uwanta maza. Makiyayi kuma yana da burtali da mashaya, amma sawun shanu ba ya daɗewa a ƙasa kamar kututturen tsamiya.

Fasali na biyu, a kan littafin haraji

A ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Ingila ta ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. A jawabin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato bayan naɗa Attahiru na Biyu, ya kafa hujja da cewa Fulani sun sami ƙasar da yaƙi, yanzu an karɓe ta daga hannunsu da yaƙi, don haka ikon sarauta da haraji da ƙasa ya koma ga gwamnati, kuma in ta bukaci wani wuri za ta ɗauka. Dubi inda hujjar ta karkace. Wanda aka ci da yaƙi wakili ne a kan waƙafi, aka lissafa shi mai mallaka, sa'an nan aka gaje shi a kan abin da bai taɓa zama nasa ba.

Daga nan aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane uban ƙasa ya zauna a gundumarsa, aka ba shi malaman da za su rubuta masu gida da shanu. Jami'an Turawa suka yi ta rangadi suna rubuta rahoton kima, gari kaza mazaje kaza, amfanin gona kaza, haraji kaza, jangali kaza. Waɗannan rahotanni suna ajiye a ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu auna gona da taku domin a sa mata kuɗi, kuma rubutaccen hukuncin majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 ya wanzu da Larabci, a cikinsa akwai ƙararrakin gonaki.

Amma ka lura, ya ɗan'uwa. Littafin haraji tambayarsa ita ce wa zai biya, bai damu da wa ya mallaka ba. Mai aro yana biya, mai riƙe da jingina yana biya, mai gado yana biya, duk rasiti iri ɗaya ake ba su. Shi ya sa wanda ya zo gaban alƙali da daurin tsofaffin rasitai ya tabbatar da cewa kakansa ya zauna a garin yana biyan abin da aka ɗora masa, amma bai nuna iyakar gabas ko ta yamma ba.

Fasali na uku, a kan littafin doka

A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka zaunar da kwamiti a London a kan ƙasar Arewa. Daga shawararsa dokar 1910 ta fito, aka sabunta ta a 1916. Ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. Adalci ya sa mu faɗi alherinta, ta taimaka wajen hana baƙin Turawa mallake gonakin mutane kamar yadda aka yi a Kenya. Amma ta kuma sanya mabuɗin kowace gona a aljihun hukuma.

Bayan samun mulkin kai aka yi dokar ƙasa ta Jihar Arewa a 1962, ta bi sawun ta farko, sai dai Minista ya maye gurbin Gwamna. Firimiyan wannan lokaci ɗan wannan ƙasa ne, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, jikan Atiku na Rabah, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma riƙe sarautarta daga 1934, ya san littafin haraji da hannunsa.

Sa'an nan a watan Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokar amfani da ƙasa ga Nijeriya duka, aka kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulki. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana. Ƙaramar hukuma tana ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara, har hekta 500 domin noma, 5,000 domin kiwo. Wanda doka ta tarar yana noma gonarsa ta bar shi a kai, ta kuma ba shi damar kai zanen gonar ko bayaninta ga ƙaramar hukuma a yi masa rajista. Idan hukuma ta karɓi wuri domin amfanin jama'a, diyyar da take biya ta gini ce da shuka da itatuwa da abin da aka kashe wajen gyara, ita ƙasar kanta ba a saye ta, sai dai doka ta ce a ba manomi wata gona madadin tasa. Mafi yawan manoman karkara ba su yi wannan rajista ba, domin littafin farko yana nan yana yi musu aiki, ba su ga bukata ba.

Fasali na huɗu, a kan zuwan ruwa

Bukatar ta zo tare da madatsun ruwa. A shekarun 1970, bayan fari mai tsanani da samuwar kuɗin man fetur, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ta fara da madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, a bisa gulbin Sakkwato, wato gulbin da ke gangarowa ya ratsa ta Rabah. An gama ta a 1978. A can aka karɓi gonakin mutane domin a baje su a yi magudanan ban ruwa, motoci suka tuge itatuwa, suka shafe kunya da gamba, aka hana shuka ana jiran a gama aiki. Da lokacin mayarwa da biyan diyya ya yi, alamomin da dattawa ke karantawa babu su. Manoma suka tare hanyoyi, suka tsayar da aiki. A ƙarshen Afrilu 1980 'yan sanda suka afka musu da bindiga. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Akwai kuma wata hasara da ba ta da jini, ita ce ta mutanen gangare. Arzikin fadama ambaliya ce mai zuwa da laka kowace damina. Da aka tsare ruwa a Bakolori ambaliyar ta ragu, fadamun da ke ƙasa da madatsar da yawa suka daina ba da shinkafa, aka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Gonar tana nan, iyakarta tana nan, amma abin da ya sa ta zama dukiya ya tafi, kuma babu littafin da ya taɓa rubuta cewa wane yana da haƙƙin ambaliya.

Sai madatsar Goronyo a bisa gulbin Rima. An gama gininta a 1984, aka buɗe ta a hukumance a 1992. Bango ne na ƙasa mai tsawon kilomita 12 da rabi, tsayinsa wajen mita 21, an ƙaddara ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Amfaninta ba ya ɓoyuwa. Daga gare ta ake sakin ruwan da Sakkwato da Birnin Kebbi ke sha, da ita ake noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama. Amma ƙarƙashin tafkinta akwai gonaki da kufai da itatuwan da a da su ne shaidun iyaka. A filayen ban ruwa kuma magudana ce ke yanka fili, sunan da ke cikin takardar rabo shi ake kira, kuma mai kuɗi da mai sanayya sun fi talaka saurin isa wurin takarda.

Ruwan kuma bai tsaya wuri ɗaya ba. A watan Satumba 2010 ya fi ƙarfin madatsar, ya malale garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno har zuwa Sakkwato, ya yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Takardun da aka ajiye a ɗakunan ƙasa suka tafi tare da ɗakunan. A 2018 kuma tafkin ya ƙafe har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Duk lokacin da ya ja baya, ƙasa mai laka takan bayyana a gefensa. To, ta wane ne? Ta jikan wanda aka tasa, ko ta hukumar da ta biya diyyar itatuwa, ko ta wanda ya riga kowa kai iri? Littafi na farko ya nutse, na biyu bai ambaci mai ita ba, na uku ya ce ta gwamna ce bisa amana.

Fasali na biyar, a kan gonar wanda tsoro ya kora

Wata jarrabawa ta biyo bayan ta ruwa. 'Yan bindiga sun kashe mutane a Tabanni ta ƙasar Rabah a watan Yuli 2018, sun kashe mutane a kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, kuma ƙauyuka da yawa a gabashin Sakkwato sun watse, mutanensu suka bar gonaki suka fake a manyan garuruwa. Ranar da za su koma, da yardar Allah, wasu za su tarar da wani yana noma wurinsu.

A nan ne mai son zuciya zai kawo maganar hauzi. Gaskiya ne malamanmu sun ce wanda ya riƙe wuri shekara goma yana aiki a cikinsa kamar mai shi, mai da'awa kuwa yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Amma dubi sharuɗɗan. Wanda ya gudu da ransa ba ya nan, kuma tsoro uzuri ne, saboda haka shekarun gudunsa ba a lissafa su a kansa. Haka nan wanda ya shiga gona da aro ko haya ko jingina, daɗewa ba ta mayar da ita tasa. Tsakanin 'yan'uwa kuma shekara goma ba ta isa, domin kunya da zumunci suna sa a yi shiru, don haka shirun ƙanwarka a kan rabonta ba kyauta ba ne.

Fasali na ƙarshe, nasiha

Ya kai almajiri, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ta hana marubuci ƙin rubutawa. Alƙalamin da ka koya a allo shi ne maganin wannan ciwo, kada ka raina ajaminka. Idan an yi ciniki ko jingina ko aro ko rabon gado a garinku, ka rubuta. Ka sa sunan mai bayarwa da mai karɓa da na iyayensu. Ka bayyana irin ƙullin da aka yi da kalmar da ba ta ɗaukar ma'ana biyu. Ka ambaci maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da tsawo da faɗi, da itatuwan da ke ciki da wanda zai ci 'ya'yansu, da hanyar ruwa, da burtalin da ya bi ta gefe. Ka sa kuɗi da wa'adi da kwanan wata, da shaidu biyu adalai, da hannun mai gari. A rabon gado ka rubuta sunan kowace mace da rabonta, ko da ta ce a bar shi a gandu. A yi kofi biyu ko uku, kada a ajiye su ɗaki ɗaya, a ɗauki hotonsu da waya, sa'an nan a kai wa ƙaramar hukuma ta yi rajista, domin littafin doka ya san da su. Kuma tun dattawa suna da rai ka zauna gabansu ka rubuta iyakokin da ke cikin kawunansu, musamman dattawan garuruwan da aka tasa, domin kowace jana'izarsu ganye ne ke fita daga littafin farko. Amma ka ji tsoron Allah a kan alƙalaminka, taku ɗaya da ka ƙara wa mai ba ka goro, daga gonar maraya ka yanko shi.

Ya kai falke, Allah Ya sa wa dukiyarka albarka, kai ne mai kuɗi a hannu lokacin da manomi ke cikin matsi. Kada ka sayi gona daga ɗa guda alhali magada goma ne. Kada ka sayi ta ɗan gudun hijira da kuɗin buhun gero don ka ga yunwa a idonsa. Idan rance ka bayar aka jingina maka gona, cin amfaninta rance ne da ya jawo riba, malamai sun hana. Kada ka jira mai jingina ya mutu ka ce wa 'ya'yansa saye ne. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa mai gusar da alamar iyaka abin la'anta ne, kuma wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Gobirawa sun riƙe wannan kwari sun wuce, masu ribaɗi sun riƙe sun wuce, Turawa sun riƙe sun wuce, kuma gulbi yana nan yana gangarawa. Rabon kowannenmu na ƙarshe a cikinta kamu kaɗan ne, ba a yi masa takarda. Allah Ya ba mu ikon mayar da haƙƙi ga masu shi kafin ranar da za a buɗe littafin da bai bar ƙarami ko babba ba. Ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, Ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu. Wanda ya kwafi wannan takarda ya gyara kuskuren da ya gani, ya sa mu a addu'a.